Akwatin Baba Obadiah da Injin Onyema

"Ka yi masa me?"

"Laminatin," in ji Onyema, yana murmushin mai jiran a yaba masa. "Shafi-shafi, ban tsallake ko ɗaya ba. Duba yadda ya fito, Injiniya. Yanzu ko a kogin Ngadda ka jefa shi, sai dai kifi ya karanta ya dawo maka da abinka."

Abdulnasir bai yi dariya ba. Yana tsaye ne a shagon Onyema da ke bakin Kasuwar Litinin, inda ake hoton takardu da ɗaurin littafi. Janareta na ta ƙugi a waje, iskar shagon duk warin roba mai zafi. Saƙo ya zo karɓa, don ta hannun ƙanin Onyema da ke Legas kayansa na ƙasar waje suke isowa. Har ya juya zai tafi Onyema ya ce ya tsaya ya ga wani abu irin nasa, ya jawo durowa ya miƙo masa.

Komik ne, littafin labari cikin zane, na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na mutane. Littafin ya girme su duka biyun. A bangonsa wani dogon mutum ne cikin shuɗin kaya a ƙololuwar hasumiya, igiyar ƙararrawa a hannunsa, a ƙasa kuma mutanen gari sun sandare kowa a inda yake, har da wani kofi da ya tsaya a iska bai kai ƙasa ba. Abdulnasir ya san bangon nan kamar yadda ya san ƙofar gidansu, amma bai taɓa ganinsa ba sai a fuskar waya.

An datse gindin littafin da injin yankan takarda. An narka wa kowane shafi roba gaba da baya, an huda gefe, an zura baƙin zobe irin na furojet ɗin 'yan jami'a. Abin da ya fi ci masa rai shi ne takardar da ke cikin robar. Fara ce tas, kamar sabuwar shinkafar Zabarmari. Launin bai koɗe ba, kusurwa ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Kafin ya shiga injin Onyema, littafin nan ba shi da tabo.

"Oga Onyema, ka san abin da ka kashe kuwa?"

"Kashe? Ni da na ceci ransa? Kai ba ka ga abin da ruwa ya yi wa takardun mutane bara ba? Tun daga ambaliyar nan, satifiket, takardar fili, katin aure, har hoton kaka, duk abin da mutum yake so a ransa nan yake kawo shi. Injin nan bai huta ba." Ya shafa kan injin kamar mai shafa doki. "Naka ma ai a roba suke zuwa. Ina jin su suna ƙwal-ƙwal a cikin kwali."

"Ba iri ɗaya ba ne."

"Roba dai roba ce, Injiniya."

Abdulnasir ya buɗe baki zai yi bayani, ya fasa. Ya sha gwadawa a garin nan. A ƙasashen da ake tara waɗannan littattafai, akwai masu duba su da madubin ƙara girma su ba su maki bisa goma, sannan su rufe kowanne a cikin gidan roba mai tauri wanda ba ya taɓa takardar, ba a kuma buɗe shi sai an fasa. Sama da makin ma akwai abin da suke kira fedigiri, wato tarin da ke da asali: littattafan da mutum ɗaya ya saya da hannunsa suna sababbi, ya adana su wuri ɗaya tsawon rayuwarsa. In aka tabbatar da haka, sai a raɗa wa tarin suna, a riƙa rubuta sunan a saman kowane littafi har abada. Irin waɗannan ba su da yawa a duniya. Littafin da aka yi wa laminatin kuwa ba ya samun maki, ba ya samun suna. Ya mutu ke nan.

Ya juya bangon baya. A ƙasa can, da fensir, ƙananan haruffa biyu: O.D.

"Na wane ne?"

"Wani tsoho ne a Gwange, Baba Obadiah Dzarma. 'Yarsa ce ta kawo, Sista Ketura, mai aikin jinya. Wannan gwaji ne, su ga yadda zai fito. Ranar Asabar za ta kawo sauran."

"Sauran?"

"Akwati guda, in ji ta. Na ƙarfe. Har na aika a ƙaro mini roba."

Abdulnasir ya dafa teburin. "Don girman Allah, kada ka taɓa su."

"Kai, ni ɗan kasuwa ne. Kwastoma ta ce yi, in ce a'a? In kana da magana, je ka gaya mata." Onyema ya dube shi da kyau, murmushin ya ragu kaɗan. "Karɓi, kai musu wannan tunda can za ka. Ka ce aikin Onyema ne, ba ya ɓarewa."

*

Ɗaki ciki da falo yake haya a saman wani bene a Bolori. Aikinsa gyaran turakun sadarwa ne, yana yini a sama tsakaninsa da shirwa, ya sauko ya tarar babu wanda zai ba labari. A falon babu kujera sai ɗaya. A bangon da rana ba ta kaiwa ya kafa katako, a kai ya jera littattafansa cikin gidajensu na roba, kowanne da makinsa a sama da sunan tarin da ya fito: sunan wani mai kantin magani, sunan wani gari mai sanyi, sunan wata mata da ba ta taɓa aure ba. Duk mutanen sun mutu. Abdulnasir ya san labarinsu fiye da na maƙwabtansa. Ya san irin ɗakin da kowa ya ajiye nasa, ya san alamar da kowa yake yi a bango. Wani lokaci in ya dawo daga aiki yakan yi musu sallama a ransa.

Abokan wannan harka duk a waya suke, a ƙasashen da in shi ya tashi su barci suke. Yakan rubuta magana da safe, amsa ta zo bayan zumuɗin ya huce. Yayarsa, Ya Kaltum, in ta kawo masa abinci ranar Juma'a takan tsaya gaban katakon ta ce, "Har yanzu kayan wasan nan dai? Sa'anninka suna tara 'ya'ya." Akwai wata yarinya, Muhsinat, da ya taɓa so har ya ɗauki mafi soyuwar littattafansa ya kai mata wurin zance, a naɗe cikin tawul. Ta juya shi, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta tambaye shi ta ina ake buɗewa. Ya ce ba a buɗewa. Sai ya shiga yi mata bayanin farin takarda har aka kira magariba. Ta saurare shi da ladabi. Bayan Sallah aka ɗaura mata aure da wani.

Ranar nan ya ajiye littafin da aka yi wa laminatin a kan kujera, shi ya zauna a ƙasa yana kallonsa. Zafin Maiduguri busasshe ne, ba ya ruɓar da takarda. Mutum ɗaya, alama ɗaya, akwati ɗaya. Duk shekarun da ya yi yana aika kuɗinsa ƙetaren teku don ya mallaki guntun tarin wani bature, ashe akwai tari sukutum a garin da aka haife shi, tafiyar keke ɗaya daga ƙofarsa. Ya ga sunan a ransa, a rubuce a saman roba: Tarin Maiduguri. Ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai san ta murna ce ko ta tsoro ba. Ya leƙa taga, hadari yana haɗuwa ta gabas. Asabar kuma tana matsowa.

*

Washegari da la'asar ya sauka daga keke a Gwange. Duk bangon unguwar yana ɗauke da layin da ruwan bara ya bari, wani wuri a ƙirjin mutum, wani wuri ya wuce kai. Wata mata mai kimanin shekara hamsin ce ta buɗe ƙofar, da ɗankwali a ɗaure, hannunta duk man ƙuli-ƙuli.

"Sannu, Sista. Onyema ne ya aiko ni da wannan. Kuma ina son in ga Baba, in babu damuwa."

Ketura ta dube shi daga hula har takalmi. "In maganin ciwon ƙafa kake sayarwa, Malam, mun gode."

"A'a. Ni ma ina tara irin littattafansa ne."

"Kai ma?" Ta ɗaga murya ta juya ciki. "Baba, ashe ba kai kaɗai ba ne a duniya. Ga ɗan'uwanka ya zo."

Tsohon yana zaune a bakin gado, siriri, cikin farar singileti da tabarau mai kauri. Suka gaisa, tsohon ya ce masa wushe, sannun Barebari, irin na wanda ya daɗe a gari, ya nuna masa tabarma. Abdulnasir bai miƙa saƙon ba tukuna. Ya ce ya ga bangon Mai Ƙararrawa, kuma bai yi tsammanin akwai wanda ya san shi a garin nan ba.

"Mai Ƙararrawa," in ji tsohon a hankali. "Haka nake kiransa ni ma. To in ka san shi, gaya mini, in ya kaɗa ƙararrawar me yake faruwa?"

"Komai yana tsayawa, Baba. Shi kaɗai yake motsi, har sai ƙarar ta ɗauke."

"In ta ɗauke fa bai gama ba?"

"Ba ya iya sake kaɗa ta sai gari ya waye."

Baba Obadiah ya buga cinya ya ƙyalƙyale da dariya har ya yi tari. "Ketura! Kawo ruwa da sabulu. Jawo akwatin."

Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado tana nishi. Kafin tsohon ya ce komai Abdulnasir ya riga ya cire agogonsa da zobe, ya wanke hannu har wuyan hannu, ya shanya yatsunsa a iska maimakon ya goge da tsumma. Da ya ɗago, sai ya ga tsohon ma haka yake yi, yatsu a buɗe suna jiran bushewa. Suka dubi juna. Abdulnasir bai taɓa jin irin abin da ya ji a lokacin ba, kamar wanda ya daɗe a baƙon gari ya ji an yi yarensu a bayansa.

Da aka ɗaga murfin, ƙanshin busasshen ganyen maina, wato dogon yaro, ya tashi, wanda tsohon yake sabuntawa duk shekara saboda gara. Littattafan suna kwance bisa juna, tsakanin kowane goma da farin ƙyalle. Baba Obadiah ya zo Maiduguri daga ƙauyensu na kudancin Borno yana saurayi, ya samu aikin yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa. Bai san kowa ba. Akwai wani kanti kusa da tashar da jirgi yake kawo wa jaridu da mujallu, to a can ya fara saya, duk ƙarshen wata. Ya karanta sau ɗaya a kan tsabtataccen zane, ya sa haruffansa da fensir, ya ajiye. Haka har kantin ya rufe.

Abdulnasir ya ɗago na sama da tafukansa biyu. Fil ɗin da ke riƙe da takardun a tsakiya ko tsatsa ba su yi ba. Duk abin da ke kan katakonsa na Bolori bai kai wannan kyau ba. Suka shiga hira, suka manta da Ketura da ke tsaye a bakin ƙofa. Suka yi gardama a kan wace shekara aka sauya mai zanen, don hancin jarumin ya canja. Tsohon ya ce sabon mai zanen bai iya ruwan sama ba. Abdulnasir ya ce amma ya iya idon mata. Tsohon ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ba ka da aure, ko?"

Sai da hirar ta lafa ya tattaro ƙarfin halinsa.

"Baba, na zo roƙo ne. Kada a kai su wurin Onyema."

Ya yi bayanin komai, bai ɓoye ba. Maki, gidan roba mai tauri, sunan da za a raɗa wa tarin. Ya ce shi zai yi duk wahalar aikawa, ba ya son ko littafi ɗaya a ciki. Ya kuma faɗi gaskiyar darajarsu, cewa in aka tabbatar da su, abin da ke akwatin nan zai iya gina wani gidan a kan tudu. Laminatin kuwa zai mayar da su takardar da ba mai saye.

Ketura ta shigo sosai ta zauna a kan kujerar roba. Ta daɗe tana kallon layin ruwan da ke bangon ɗakin.

"Baba, ka ji fa," in ji ta. Sannan ta juyo wurin baƙon. "Malam, bari in gaya maka abin da ya sa. Ranar da ruwa ya shigo, ya kai mana ƙugu, mutumin nan ya zauna a kan gadon nan ya ce ba inda za shi sai da akwatinsa. Maƙwabta suna ta ihu a fito. Ni na ɗora shi a kaina, ƙarfe ne fa, ina riƙe da hannun Baba da ɗaya hannun. Hotunan mahaifiyarmu, takarduna na makaranta, duk na bar su, ruwa ya ci. Shi ya sa muka yi yarjejeniya. In an yi musu laminatin, ruwa ba zai yi musu komai ba, shi kuma in na ce tashi zai tashi. A sayar, a narka musu roba, ni duk ɗaya ne a wurina. Abin da ba zan yarda ba shi ne damina ta yi ƙarfi akwatin nan yana ƙarƙashin gadon nan yadda yake."

"Ina zaune a bene, Sista. Sai in ajiye masa a wurina."

"Gwada," in ji ta. "Ƙanena Peter ya ce a kai gidansa. Ranar Baba bai ci abinci ba."

"Tun ina saurayi a kansu nake kwana," in ji tsohon. "Ba yanzu zan koyi wani barcin ba." Ya gyara tabarau. "Ɗana, in tambaye ka. In ka aika su, yaushe za su dawo?"

"Zai ɗauki watanni, Baba. Wataƙila fiye."

"Ka dubi fuskata da kyau ka sake cewa watanni." Ya yi murmushi. "To in sun dawo, zan iya buɗe su?"

"A'a."

"Sunana fa?"

"Za a rubuta a sama, duk duniya ta gani."

"Ai yana jiki tun tuni. Ni na rubuta."

"To a ɗauki hoton kowane shafi a buga mai launi," in ji Abdulnasir. "Wannan a yi masa laminatin ɗin. Na ainihin a bar su."

"A bar su a ina? A ƙarƙashin gado, Ketura ta sake ɗauka a ka?" Tsohon ya girgiza kai. "Kuma Peter ya turo mini hoton uwarsu ta waya, an wanke an manna mini ga shi can. Ina gode masa. Amma ba shi ne wanda ta riƙe da hannunta ba. Ina saƙon Onyema? Mu gani."

Abdulnasir ya ciro shi daga jaka kamar mai miƙa gawa. Tsohon ya karɓa da yatsu biyu yadda ya saba, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce. Sai ya lanƙwasa shi kaɗan. Ya sake. Littafin ya miƙe. Ya ƙara lanƙwasawa sosai, ya yi fifita da shi, dariya tana kuɓuce masa.

"Ka gani? Fiye da shekara hamsin ban taɓa riƙe shi babu tsoro ba. Ketura, ungo."

"Hannuna da mai, Baba."

"Na ce ungo."

Ta tsaya jim. "Mu da muka tashi in ka kusanci akwatin nan ka ga jan ido," in ji ta ga Abdulnasir, tana 'yar dariya. "Babban yayanmu ne, shi aka fi so." Amma ta karɓa. Ta buɗe shafin farko, ta bar tambarin yatsanta na mai a kan robar.

Abdulnasir bai haƙura ba. Ya durƙusa kusa da gadon ya ci gaba. Ya ce irin wannan tari ba a taɓa samunsa a nahiyar nan ba. Ya ce mutane a ƙasashen da Baba bai taɓa zuwa ba za su san cewa wani saurayi mai yankan tikiti ya zauna a Maiduguri yana son abin da suke so. Ya ce shekara hamsin na wanke hannu, na ganyen maina, na haƙuri, duk za su narke a yini ɗaya. Yana magana yana jin cewa ba tsohon kawai yake roƙa wa ba. Baba Obadiah yana sauraro, kansa a sunkuye, yana shafa gefen akwatin. Har ya fara gyaɗa kai. Abdulnasir ya ga alamar zai yarda.

"Baba," in ji Ketura, ba tare da ta ɗago ba. Ta kai shafin ƙarshe. "Matar nan da ke kan gada, wadda motar ta nufo. Ya kai gare ta kafin ƙarar ta ɗauke?"

Tsohon ya ɗago kai.

"Me kika ce?"

"Ai nan ya ƙare. Yana gudu, ƙarar tana raguwa, shi ke nan. Wace irin mugunta ce wannan? Ya kai ko bai kai ba?"

Tsohon ya cire tabarau, ya goge da bakin singileti, ya mayar. Leɓensa yana motsi kafin maganar ta fito.

"Yana cikin na gaba," ya ce. "Na biyu daga sama."

Ta miƙo hannu, ta ga man da ke yatsunta, ta janye da kanta.

Baba Obadiah ya dubi hannun da ta janye. Sannan ya juyo wurin Abdulnasir, ya dafa kafaɗarsa da tafin da ya wanke.

"Ɗana, ka yi mini alheri yau, Allah ya sani. Na daɗe ban yi hira irin wannan ba. Amma ka yi haƙuri. Ranar Asabar za su je wurin Onyema. Duka."

*

Ya yi sallama yadda ya kamata, ya gode da ruwa. A tsakar gida ya zauna a bakin dakali yana sa takalmi, igiyar tana ƙin ɗauruwa. Iska ta taso mai ƙanshin ƙasa, kajin gidan suna neman mafaka. Babu Tarin Maiduguri. Ba wanda zai taɓa sani. In ya ba abokansa na waya labari, za su yi ta aiko fuskokin kuka, wani ya ce ƙarya ne, zuwa jibi su manta. Ya tuna falonsa, kujera ɗaya, da sunayen matattu a jere.

Daga ɗakin yana jin muryar tsohon yana ba da labarin gadar da baki, Ketura tana cewa kada ya faɗa mata, ita za ta karanta da kanta. Sai injin yankan Onyema ya faɗo masa a rai. Wuƙar tana cin gefen zane duk inda ta sauka. A tsakiyar kowace fitowa akwai babban zane ɗaya da ya mamaye shafi biyu, kuma a wancan da aka yi gwaji da shi wuƙar ta raba fuskar jarumin gida biyu, ta tafi da hancin. Haka za ta yi wa sauran, ɗaya bayan ɗaya, ranar Asabar, tsakanin hoton katin zaɓe da satifiket ɗin firamare, a hannun mutumin da ba zai duba ko shafi ɗaya ba. In kuwa aka ɗaga fil ɗin a hankali, takardun za su fita a buɗe, ba sai an yanka komai ba. Aiki ne na mai haƙuri, wanda ya san jerinsu. A garin nan mutum biyu ne kawai suka sani, ɗaya kuma hannunsa ya tsufa.

Ya cire takalmin da ya sa. Ya koma bakin ƙofar ya yi gyaran murya. Uba da 'ya suka ɗago.

"Baba, Sista, kada a kai akwatin kasuwa gaba ɗaya," ya ce. "Wuƙar Onyema ba za ta sake taɓa ko ɗaya ba. Ni zan riƙa zuwa in cire musu fil da hannuna, a nan ɗakin, kaɗan-kaɗan, in kai masa ya sa robar ina tsaye a kansa, in dawo da su a ranar. Wanda ke da ƙarshen labarin gadar, da shi zan fara. Gobe in na sauko daga aiki ina nan tafe."